Na Goma Sha Uku

Ni ne Macario, mai jar bas
daga Totonicapán zuwa Xela.
Shekara goma sha ɗaya ko akuya ban taɓa bugewa ba,
sai ranar da na karya kumallo da kwalba.

Kwanar da ke ƙasan gonar su Tzul
ta iso mini da wuri.
Birki lafiyarsa lau. Ƙafata ce ta makara.
Kwandunan tumatir suka fashe a kan kwalta,
har yau ban iya raba ja da ja na wannan safiya ba.

Ba wanda ya mutu, in ji alƙali,
kamar mai miƙo mini tukwici.
Amma Nicolasa, 'yar shekara tara,
ta baro ƙafarta ta hagu a asibiti.

Shekara shida ina ƙirga ƙarafan taga.
Matata ta kwashe yara, ban ga laifinta ba.
Ban yi addu'a ba.
Bakin da ya sha abin da na sha,
da wane harshe zai kira Ubangiji?

Ashe kowace Laraba, tun zakara bai yi cara ba,
a wata majami'a mai rufin kwano da benci bakwai,
mata huɗu na durƙusawa kan siminti mai sanyi
suna karanta sunaye daga wata takarda
da aka yago a littafin lissafin yara.
Masu ciwon suga. Masu tsallaka iyaka zuwa arewa.
Wata mai tsohon ciki. Masarar da ke jiran ruwa.
Na goma sha uku: Macario, direba.

Rubutun Florinda ne.
Florinda, uwar Nicolasa.

Daga baya ta gaya mini, tana ɓarar wake, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Kada ka ɗauke ni waliyiya.
Shekarar farko sunanka ƙaya ne a maƙogwarona.
Ta tsakanin haƙora nake fito da shi,
in ce, Yesu, ga shi nan, ni ba na ƙaunar ganinsa,
kai ka san yadda za ka yi da shi.
A shekara ta uku na lura na daina cije leɓe.
Yaushe? Oho.
Wa ya taɓa kama masara tana fitar da gemu?"

Ranar da aka buɗe mini ƙofa
ba kowa a waje sai kare, sai iska,
sai Fasto Anacleto da bargon ulu a kafaɗa.
Ya ce ƙanensa kafinta na neman mai riƙe masa katako.

Hannun da ya saki sitiyari ya koyi awo.
Abu na farko da na ƙera ni kaɗai
sandar dogarawa ce, don Nicolasa ta girme wa tsohuwar.
Ta taka zuwa bakin ƙofa, ta dawo,
ta ce, "Ta ɗan yi tsawo."
Ba ta yi murmushi ba.
Na rage yatsa biyu. Ban nemi ƙari ba.

Ubangiji, ban gane lissafinka ba.
Ƙafar nan ba za ta dawo ba,
ni kuwa ga ni ina shaƙar iskar duwatsu,
kwana dubu da ɗari biyu rabona da kwalba.
Na gode, ko da godiyar tana ɗingishi.
Na gode don gwiwoyin mata huɗu,
don autana da ya fara ɗaga waya in na kira,
don bencin ƙarshe, kusa da ƙofa,
inda ba a tambayar mutum daga ina.

Larabar da ta wuce suka miƙo mini takardar,
ta yi laushi don yawan ninkewa.
Sunana na nan, ba a soke ba.
Florinda ta ce, "Ba a gama da kai ba tukuna,"
ta ba ni biro. Akwai sauran fili a ƙasa.

Na rubuta Rigoberto, wanda ya gaji jar bas.
Na ji warin bakinsa ranar kasuwa.

Na durƙusa.
Simintin da sanyi.